Ɗorawar Luba

Kullum da hantsi Luba takan ji injin yanka itace daga bayan gonakin Chaza. Ya yi ta kuka, ya yi ta kuka, sai ya ɗauke, sai a ji ƙasa ta amsa. Duk lokacin da ƙasar ta amsa, Luba takan ajiye abin da ke hannunta ta yi salati, don ta san wata bishiya ta kama hanyar gidan burodi. Abin da ya fi ci mata rai shi ne, sau da yawa ɗanta Saifullahi ne riƙe da injin.

Injin ba nasa ba ne. Na Alhaji Ummaru ne, mai kai itace gidajen burodi daga Suleja har cikin Abuja, mutum mai fara'a da yawan gaisuwa, wanda in ya kalli bishiya ba ya ganin komai sai lodi nawa za ta yi. Yana da injinan yanka, da na faskare, da babbar mota. Saifullahi ne gwaninsa. Da wannan aikin ya yi aure, da shi yake biyan haya a Bagama, kuma da shi yake kawo wa uwarsa ɗan abin da ya samu ranar Juma'a. Luba na karɓa tana sa albarka, tana kuma yi masa tsiya cewa shi da gara ba ta san wanda ya fi cin itace ba.

Ita tana da bishiya guda ɗaya a duniya, wata tsohuwar ɗorawa da ke tsakiyar gonar mahaifinsu. Gonar ta 'yan'uwanta maza ce, amma ɗorawar tata ce. Uwarta ce ta bar mata, kamar yadda ita ma aka bar mata, kuma babu wanda ya taɓa ganin abin mamaki a cikin wannan. A nan, gona daban, ɗorawa daban. Da kalwarta Luba ke yin daddawar da matan unguwa ke aikowa saye tun ba ta gama shan iska ba. Da ita ta riƙe kanta tun rasuwar mijinta, ba ta taɓa zuwa ƙofar kowa da ƙoƙon bara ba.

Sai 'yan'uwan suka sayar da gonar. Wanda ya saya wani ma'aikaci ne a Abuja mai suna Wale, da hayar can ta ishe shi, yana son ya gina nasa. Mutumin kirki ne, yana rusunawa in zai gaishe da babba. Sai dai ba wanda ya gaya masa bishiyar da ke tsakiyar filinsa tana da mai ita, su kuwa masu sayarwar suka yi kamar sun manta. Ya ba Alhaji Ummaru aikin share filin. Ranar da katafila ta shigo tana ture kututture da gidajen tururuwa, direban ya tarar da wata tsohuwa zaune a gindin ɗorawar, ta miƙe ƙafa, ta ajiye takalmanta a gefe. Ya yi ta danna oda. Ko kallonsa ba ta yi ba.

Maganar ta kai gaban mai unguwa. Wale ya yi bayani da Hausarsa mai ɗingishi, ya ce shi bai zo faɗa da Mama ba, amma ɗorawar ta tsaya daidai inda falonsa zai zauna, kuma ya kasa gane yadda mutum zai sayi ƙasa a ce abin da ya tsiro a kanta na wani ne. Ya ce a faɗi kuɗinta ya biya. Luba ta ce ba ta kawo ta kasuwa ba. Mai unguwa ya saurari kowa, ya tambayi dattawa biyu da suka san uwarta, sannan ya yanke.

“Muddin ɗorawar nan tana da rai, ta Luba ce, ba mai sa mata ƙarfe. Ranar da Allah ya kashe ta, itacen nata ne, wurin naka ne.”

Hukunci ne mai kyau, kuma haka iyaye suka saba yanke shi. Amma iyayen sun yi zamani ne da masu gatari, waɗanda ke jin nauyin ɗaga hannu a kan bishiya mai ba da abinci. Mai unguwa bai duba ko su wa ke zaune a zauren ba. Alhaji Ummaru yana daga gefe yana jan carbi, ya gyaɗa kai, har ya riga kowa cewa an yi adalci.

Luba ta koma gida da farin ciki. Wale ya haƙura ya ce zai sa a sake zanen gidan, ya tara bulo a gefe ɗaya, aikin ya tsaya. Da Saifullahi ya zo ranar Juma'a ta ba shi labari tun daga farko, har da yadda direban katafila ya gaji ya kashe mota. Ya yi dariya kaɗan. Ta ce masa ya buɗe kunne a wurin aikinsu, in ya ji ana ƙulla wani abu a kan bishiyarta ya gaya mata. Ya ce to. Daga nan ya shiga ba ta labarin yadda aiki ya yi wuya, dazuzzukan kusa sun ƙare, sai an yi tafiya mai nisa, ga samari na ta yi wa Alhaji zarya kowa na son a ba shi inji. Ta ce Allah ya rufa asiri, ta zuba masa tuwo.

Damina ta ɗauke. Ganyen ɗorawar ya fara zuba, Luba ba ta damu ba, don ɗorawa takan kaɗe tsohon ganye da rani kafin ta yi sabo. Sai dai ta ga kamar bana ta yi gaggawa. Ta jira. 'Yan ɗorawoyin da suka rage a hanyar rafi suka yi toho, suka rataya jajayen furanninsu, zuma na ta kai da kawowa. Tata ta tsaya tsirara. Kullum ta je ta ɗaga kai ta dudduba rassan, ta ce wa kanta tsufa ne, tsohuwa ba ta tashi da wuri. A cikin ranta kuwa tsoro ya riga ya zauna, har abinci ya daina yi mata daɗi.

Wata ranar aka sa wa busasshiyar ciyawar filin wuta, kamar yadda ake yi kowace shekara. Da Luba ta je washegari, gindin bishiyar ya fito fili. Can ƙasa, kusa da saiwa, inda ciyawa ta saba rufewa, ta ga wani layin laka ya zagaye gindin. Wutar ta gasa lakar har ta tsattsage. Ta durƙusa ta sa tsinke ta ɓanɓare kaɗan, sai ga tsaga a ƙarƙashi, madaidaiciya, baƙa. Gatari ba ya yin irin wannan. An zagaye ta da inji ne, aka cusa laka a bakin yankan, aka mayar da ciyawa. An bar ta a tsaye ta mutu a hankali, don a ce Allah ne ya kashe ta.

Luba ta zauna a cikin toka. Ba ta yi kuka ba. Ta tsine wa Alhaji Ummaru a zuciyarta, ta tsine wa carbinsa. Sannan wani ɗan fata ya zo mata. Ta taɓa ganin mangwaron da awaki suka ɓare wa bawo ya warke. Wataƙila yankan bai yi zurfi ba, wataƙila akwai inda bai haɗe ba. Ita ba ta san aikin inji ba, amma ta haifi wanda ya sani. Ta mayar da lakar da ta ɓanɓare, ta koma gida ta sa aka kira mata shi a waya, ta ce ya zo filin, ba ta faɗi dalili ba.

Ya zo da la'asar, da kayan aiki a jikinsa, yana warin fetur da ɗanyen itace. Ya gaishe ta, ya tsaya nesa da bishiyar, hannuwansa a baya. Ta nuna masa layin lakar. Ta ce ya duba mata da kyau, shi da ya san abin, ko akwai abin da za a ɗaura, ko a tara ƙasa a rufe wurin a yi ta ba ta ruwa. Ta ce ko rabin rassan ne suka tashi ta gode.

Saifullahi bai matso ba, bai kuma durƙusa ba. Idonsa na kan bulon Wale.

“Ba za ta tashi ba, Inna. Ya wuce bawo, ya shiga cikin itacen sosai. Kuma ta bayan can sau biyu aka bi.”

Luba ta dubi gindin. Lakar na nan a rufe ta ko'ina, ba a ganin zurfin komai. Ta bayan kuwa ko ita ba ta taɓa ba, shi ma bai zagaya ba. Ta daɗe tana kallon lakar kafin ta ɗago ta kalle shi. Shi ma ya ji abin da bakinsa ya faɗa.

Ya fara magana ƙasa-ƙasa. Ya ce Alhaji ya ce ko shi ko wani, bishiyar dai ba za ta kai baɗi ba, in kuma wani ne ya yi, to wanin ne zai riƙe injin daga ranar. Ya ce ya yi niyyar ya riƙa sayo mata kalwa a kasuwa, buhu-buhu, ba za ta rasa ba. Ya ce ya so ya gaya mata. Tana jin sa, amma abin da take tunawa shi ne tuwon da ta yi ta zuba masa duk Juma'ar nan, yana ci yana tambayarta ko ɗorawa ta fara toho.

Ta dafa gindin ta miƙe, ta kakkaɓe tokar zaninta. Ya miƙo hannu zai taimake ta, ta yi kamar ba ta gani ba.

“Mai unguwa ya ce itacen nawa ne,” in ji ta. “Ka gaya wa Alhajinka ban sayar ba. Kuma kada a turo mini wani. Kai za ka zo da injinka ka kayar da ita, ina zaune ina kallonka.”

“Inna…”

“Da rana za ka zo,” ta ce, ta ɗauki takalmanta ta kama hanyar gida.