Saukowar Si Bihi

Shekara talatin da ɗaya Si Bihi ya yi yana hawo da mutane daga Marrakish zuwa dutsenmu na Ukaimdan a tsohuwar tasinsa, amma bai taɓa ɗora ƙafa a kan katakon sulu da ake zamewa da shi a dusar ƙanƙara ba. In ya sauke fasinja sai ya kwantar da kujera, ya ciro gurasa da zaitun daga aljihun jallabiyarsa, ya ci, ya yi barci har su gama wasansu. Ni nake dafa shayi a gefen shimfiɗar Baba tun ina ƙarama, kuma ko kofi ɗaya bai taɓa saya ba. Yakan ce ruwan zafi da ganye akwai su a gidansa.

Babana Hammu haya yake bayarwa. Yana jera tsofaffin katakan sulu da takalmansu da sanduna a kan bargo a bakin hanya, wanda ya ga tsadar shagunan sama sai ya dawo wurinmu. Tun da gwiwarsa ta lalace bai ƙara hawa dutsen ba.

Wata Talata a ƙarshen lokacin sanyi, dusar ƙanƙara ta fara ja da baya, Si Bihi ya sauke mutum biyar. Maimakon ya kwanta sai ya nufo mu. Ya tsuguna kusa da Baba, ya daɗe yana jujjuya wani takalmi kafin ya yi magana. Likita ya duba idonsa, ya ce tuƙi ya ƙare. Ƙarshen wata zai miƙa wa surukinsa makullin mota, kuma ba ya jin zai sake ganin dutsen nan. So yake ya sauko daga kansa sau ɗaya, kamar yadda ya ga dubban mutane suna yi. Ya zaɓi Talata ne don ya san ranar Lahadi muna tsawwala kuɗi.

"To Si Bihi, ashe kai ma kana da abin da kake so a duniya ban da canji," in ji Baba.

"Kai dai nuna mini mafi araha, Hammu. Ba saya zan yi ba, aro ne na awa ɗaya."

Baba ya ɗauko masa masu kyau, ya ce dirhami hamsin. Si Bihi ya ce ko motarsa ba ta shan haka a hawa ɗaya. Suka yi ta ja har idonsa ya kai kan wasu guda biyu da ke jingine a bayan tukunyata, ɗaya dogo shuɗi, ɗaya gajere fari. Kowanne ɗan'uwansa ya karye tun da daɗewa. Baba ya ce waɗannan ba na haya ba ne, Si Bihi ya ce shi ya sa za su yi araha. Ya karɓe su da takalmi a kan dirhami goma. Baƙin tabarau ya ƙi, kujerun da ke hawa a kan waya ya ƙi, masu alfadarai suka yi masa tayi ya ce ƙafarsa kyauta ce. Ya sa ledar burodi a kan safarsa, ya cusa ƙafa cikin takalman sulu, ya saɓa katakan a kafaɗa, ya kama hanya.

Duk ɗan dutsen nan ya san ba a hawa da waɗannan takalma. Rataya su ake yi a wuya, a hau da na gida. Na so in faɗa masa, amma maza sun cika wurin, sai na koma kan tukunyata.

Da hantsi ya yi, rana ta bugi ƙanƙarar, ko'ina ya ɗau ƙyalli. Ina zuba shayi ina satar kallonsa. Bai kai rabin gangaren farko ba ya zauna, ya rufe fuska da hannu biyu, bai sake motsi ba. Samari masu faffaɗan allo guda suna ta wucewa ta gefensa suna watsa masa ƙanƙara. A irin wannan lokaci, in azahar ta yi, gangaren nan taɓo yake zama, fasinjojinsa kuma da la'asar za su koma.

Baba ya dubi gwiwarsa, ya dube ni. Ya ce, "Ijja, bar tukunyar."

Na kwance alfadarar da ke ɗauko mana ruwa, na ɗaura nawa katakan a bayanta, na hau wurin Si Bihi. Hawaye na zuba daga idonsa, sun yi ja. Ya ce komai ya zama fari ɗaya, ba ya bambance tudu da rami. Ya ce in mayar wa Baba kayansa, goman ma ya yafe, abin da ban taɓa jin ya ce ba.

Na ciro 'yar kwalbar kwallin kakata daga ɗamarata. Makiyayanmu da shi suke tare ƙyallin ƙanƙara tun kafin a san tabarau. Na miƙa masa, na ce ya sa da yawa, har ƙasan ido.

"Nawa ne?" ya tambaya.

"Ba a sayarwa."

"To miƙo."

Sai da na rantse masa alfadarar tamu ce, ba ta haya ba, sannan ya yarda ya hau. Na ja ta muka zagaya bayan shingen duwatsu inda makiyaya ke kwana da rani. Can inuwa ce har yamma, ƙanƙarar ba ta narkewa da wuri, gangaren kuma mai sauƙi ne. Nan mu 'yan mata muke sulu inda ba mai kallonmu, kuma yawancinmu a kan irin waɗannan katakan marasa 'yan'uwa muka koya. Na tambaye shi wace ƙafa ce ta fi ƙarfi, ya ce ta dama mana, ita ke taka birki shekara talatin. Na sa mata dogon, na sa wa ta hagu gajeren. Na cire jan mayafin da ke kafaɗata na ɗaura a baya, na ce kada ya kalli ƙasa, ja kawai zai bi.

Karo na farko bai yi taku goma ba ya zauna da ƙarfi. Na biyu dogon katakon ya ja shi gefe, ya shige cikin tarin ƙanƙara har ƙugu. Yana kakkaɓe gemu ya ce, "'Yata, ina birkin abin nan yake?"

Na nuna masa yadda zai haɗa kawunan katakan a gaba, ya buɗe dugadugai. Ya gwada a tsaye, ya ce ashe kamar giyar mota ta ɗaya ce, da na faɗa masa tun farko.

Karo na uku na shiga gaba a hankali. Ina jin sautin katakansa a bayana, da numfashinsa, da salatin da yake yi ƙasa-ƙasa. Na karkata dama, sautin ya biyo ni. Na karkata hagu, ya ɗan yi jinkiri, sannan ya biyo. Muka wuce shingen, muka wuce babban dutsen da muke zama mu huta, ban ji ya faɗi ba. Can ƙasa inda wurin ya baje na tsaya, ya zo ya wuce ni, jallabiyarsa ta cika da iska, ya tafi har katakan suka tsaya don kansu.

Ya daɗe a tsaye yana fuskantar inda muka fito. Ban san iya abin da yake gani ba. Na tambaye shi ko mu sake, akwai sauran lokaci. Ya ce a'a, sau ɗaya ya biya.

Da muka dawo bakin hanya masu alfadarai suka ga kwallin, suka ce ga amarya, suka fara tambayarsa ranar ɗaurin aure da sunan ango. Bai kula su ba. Ya jingine katakan a bayan tukunyata inda ya same su, ya zauna a kan bargon Baba, ya laluba aljihu ya ciro dirhami biyar ya ajiye a kan tire.

"Zubo mini shayin nan naki, 'yata."

Na zuba masa daga sama har ya yi kumfa. Ya kurɓa, ya riƙe kofin da hannu biyu, ya ce a wannan kuɗin sukarin ya yi kaɗan. Na ƙara masa dunƙule biyu.