Yadda Tumbina Ya Jawo wa Kekena a Fim ɗin Sin

Daren jiya, bayan na cika cikina da tuwon dawa, na yi wani mafarki. Wai ga ni a cikin wani tsohon fim na ƙasar Sin, mai baƙi da fari, irin wanda ake yi don a tona wa 'yan jari-hujja asiri. Hayaƙin masana'antu yana saukowa daga sama yana shigewa cikin bututu. Ni dai keken ɗinkina yana kaina, ina neman inuwar da zan kafa shi.

Wani bunsuru mai tabarau, wanda shi ne daraktan fim ɗin, ya tare ni. Ya ƙare wa tumbina kallo, ya ce, "Yauwa, ga mugun ya iso."

Na ce, "Ranka ya daɗe, ni Sallau tela ne. Wannan cikin na tuwo ne, ba na dukiya ba."

Ya ce, "Kyamara ba ta san tuwo ba."

Aka kifa mini doguwar malafa, aka cusa mini sigari mai kaurin rake a baki.

Sai ga mu a wani fili. Ma'aikata dubu sun yi sahu, kowa ya ɗaga guduma yana kallon gabas. An rataya wa kekena allo, wai shi ne masana'anta. Bunsurun ya ce a ƙarshen fim jama'a za su ƙwace ta, mai ita kuma ya faɗa kwata. Kwata ba ta dame ni ba. Keken ne ya sa gabana ya faɗi, don a kansa babana ya tsufa, kuma shi ke ciyar da gidana.

Wata tsohuwa daga cikin sahun ta raɗa mini, "Ɗan nan, in an tambaye ka, ka yi kuka, ka ce wahala ta gama da kai. Sai a sa ka cikinmu, kai da kekenka."

Abu mai sauƙi, tunda rabona da ɗinkin kirki tun ƙaramar salla.

Aka kunna kyamara. Bunsurun ya ce, "Malam tela, ya kasuwa?"

Na buɗe baki zan kai ƙara, sai na ji na ce, "Alhamdulillahi."

Tsohuwar ta dafe kai. Aka sake ɗauka. Na tattaro duk baƙin cikina, na tuna kwanakin da na wuni ina korar ƙuda a shago.

"Ya kasuwa?"

"Sai godiya."

Bunsurun ya juya ga jama'a, ya ce, "Kun ji da kunnenku. A fim ɗina, wanda ya ƙoshi da gumin wasu ne kawai yake godiya."

Suka ɗauki keken suna waƙa. Bai ko waiwaye ni ba, ya kama ɗinka musu jar tuta shi kaɗai, ƙararsa tana ƙaruwa, tana ƙaruwa, har ta zama ta injin markaɗen maƙwabcina Ɗanlami.

Na farka, na yi zaure da gudu ba takalmi. Keken yana nan a lulluɓe da buhunsa. Ɗanlami ya leƙo, ya ce, "Malam Sallau, an tashi lafiya? Ya kasuwa?"

Na duba hagu, na duba dama, na rungume keken da hannu biyu, sannan na ce, "Alhamdulillahi."