Ƙafar da Ba a Aske Ba

Da hantsi Umma ta fito shanya, sai ta ga karen da take kira Majinyaci a sama, ƙafafunsa huɗu babu wadda ke taɓa ƙasa. Kyanwar maƙwabta ce ta biyo kan katanga tana rangwaɗa, shi kuwa ya daka tsalle ya tsallake tukunyar furanni, ya dira a kan ƙafar nan da aka yi wa tiyata, ya sake zabura. Da kyanwar ta ɓace, ya dawo yana kaɗa jela, ko alamar ɗingishi babu.

Umma ta tsaya da jiƙaƙƙen zane a hannu, ruwa na ɗiga mata a ƙafa. Kamata ya yi ta yi murna, amma ba ta yi ba.

Karen ba nata ba ne, na Auta ne, ɗanta na ƙarshe. Jijiyar gwiwarsa ce ta tsinke, likitan dabbobi ya ɗinke ta, ya ce ba gudu, ba hawan bene, sai ƙafar ta yi ƙwari. Auta kuwa can ƙololuwar bene yake haya. Shi ya sa wata yamma ya shigo rungume da kare kamar jariri, an aske masa cinyar dama tas, an saƙala masa roba mai kama da mazurari a wuya don kada ya lashe ɗinkin.

"A gidan nan?" in ji Umma a ranar. "Ina roƙon jika, ka kawo mini mai jela?"

"Na ɗan lokaci ne, Umma. Ba abin da za ki yi masa. Kullum in na tashi daga aiki zan zo in motsa masa ƙafar da kaina."

Jin haka Umma ta yarda. Tun da maigidanta ya rasu, manyan 'ya'yanta suka watse garuruwa, Auta ya zama baƙo. Gari ɗaya suke, amma sai wata ya fito ya faɗi ba ta sa shi a ido ba. In ya kira waya ma, kafin ta gama amsa gaisuwa ya ce ana jiransa. Kewarsa ta ishe ta, amma ba za ta iya buɗe baki ta roƙi ɗan da ta haifa ya zo ya gan ta ba.

Abin da uwa ta kasa, kare ya yi. Kowace yamma sai ga Auta. Ya shimfiɗa tsofaffin tabarmi a kan simintin baranda saboda santsi. Yakan naɗe tawul ya zura a ƙarƙashin cikin karen, ya ɗaga bayansa kaɗan, su taka a hankali zuwa ƙofar gida su dawo. Sannan ya kwantar da shi, ya lanƙwasa gwiwar ya miƙe ta, ya ɗora ƙanƙara da aka ƙunshe a tsumma. Umma na kan kujerarta tana ba da umarnin da ba wanda ya tambaye ta.

"Sassauta masa mana! Ƙafa ce, ba famfo ba."

In sun gama, yunwa ta kama shi, ya zauna ya ci abin da ta dafa. A haka ya gyara ƙwan fitilar kicin da ya daɗe da mutuwa. A haka ya fara ba ta labarin wurin aikinsa, har sunan wata abokiyar aiki ya riƙa suɓuce masa, Umma kuwa ta yi kamar ba ta ji ba, tana kai cokali baki don ɓoye murmushi.

Sunan da Auta ya sa wa karen ba ta taɓa kama shi ba, Majinyaci take ce masa. Ta yi rantsuwa ba za ta taɓa shi ba, ta kuma cika. Amma tausayi bai san da wannan rantsuwa ba. Duk sanda ya zo ƙofar kicin ya ɗage ƙafa yana kallonta, sai ta jefa masa tsoka. Shi kuwa ba wawa ba ne, ya gane abin da ke kawo nama.

Yanzu ga shi ya warke sarai. Likita ya ce ranar da ya daina ɗingishi, ranar zai koma gidan Auta. In ya koma, Auta ma ya koma ke nan.

Da yamma ta ji ƙarar ƙofa. Ta yi sauri ta damƙe 'yar tsoka a hannu, ta rufe da gefen mayafi, kunya na cin ta.

"Sannu da gida, Umma. Yaya ya wuni?"

"Ga shi nan kana gani," ta ce, don ƙarya ba ta iya fita daga bakinta kai tsaye.

Majinyaci ya taso da gudunsa zai tarbi ubangidansa. Umma ta ɗan buɗe hannu, ƙanshin ya kai masa. Ya ci burki, ya dube ta, ya langaɓar da kai, ya ɗage ƙafa ya fara ɗingishi abin tausayi.

Sai dai ta hagu ya ɗage. Ta dama, wadda gashinta bai gama tsirowa ba, mai tabon ɗinki a fili, ita ce ke ɗauke da nauyinsa gaba ɗaya.

Umma ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Auta ya durƙusa. Ya shafa gwiwar dama, ya lanƙwasa ta, ya miƙe ta. Ya dubi ƙafar hagu da ke rataye a iska. Sannan idonsa ya sauka a kan gefen mayafin, inda maiƙo ya fara ratsowa.

"Umma," ya ce a hankali, bai ɗago kai ba, "ina ga da saura. Benen nan nawa zai yi masa yawa."

"To, kai ka san aikinka," ta ce. "Sai zuwa yaushe?"

"Wa ya sani? Irin wannan ciwon ba ya son gaggawa."

Ya ɗauko tawul ya zura a ƙarƙashin cikin karen. Umma ta saki tsokar, Majinyaci ya cafe ta tun ba ta kai ƙasa ba.

"Akwai abinci?" in ji Auta.

"Yana kan wuta. Ku je ku dawo."

Suka nufi ƙofar gida a hankali, Auta na riƙe da tawul da hannu biyu. Kafin su kai tsakiyar tsakar gida Majinyaci ya manta, ya sauke ƙafar, yana takawa da huɗunsa garau. Auta bai duba ƙasa ba. Umma ma ta juya ta shiga kicin, ta sauko da farantin Auta.