Furen da Inna Ta Sa a Gidan Sauro

Inna ta ɗaga silifa za ta make ƙudan zuman da ke shawagi a jikin gidan sauron, sai Auta ta riƙe mata hannu.

Gidan sauron ba na mutum ba ne. Fure ta lulluɓe da shi, irin na daji mai maƙalewa a jikin itace, wanda Auta ke ce wa okid tun da ta shiga jami'a. Marigayi maigidan, direban motar katako, shi ya ɓamɓaro shi daga wani gungume ya ɗaure a bishiyar tsakar gida. Dajin kuwa tuni aka share shi aka yi gidaje. Tun rasuwarsa Inna ke gadin furen nan, ko ƙuda bai isa ya leƙa ba. Bana saiwar ta fara ruɓewa, fure biyu kacal ya yi, kuma bai taɓa yin iri ba. In ya mutu, shi ke nan.

Auta ta lallaɓa ta yi mata bayani, don ta san halin kayanta. Garin nan mai kama da hoda da ke sa furen haihuwa a dunƙule yake, iska ba ta ɗaukarsa, sai ƙwaro ya shiga neman zaƙi, ya fito da shi manne a ka, ya kai wa wani furen.

"Wato ni na hana shi haihuwa?" in ji Inna.

"Tsaron ne ya yi yawa, Inna."

Maganar ta yi mata zafi ƙwarai. Ta yi mita, ta ce boko bai bar komai ba, har ƙwari an ba su aiki. Amma da hannunta ta yaye gidan sauron, ta jawo kujera ta zauna.

Can da yamma wani ɗan ƙwaro siriri ya zo. Bai yi ko dube-dube ba, ya kutsa cikin furen farko, ya fito da ɗan ƙullin rawaya a goshi. Inna ta riƙe numfashi tana nuna masa na biyun da baki. Gogan naka ya kewaya sau ɗaya, ya tsallake katanga ya yi gaba.

Idon Auta ya ciko. Ta ce an yi asara.

Inna ta daɗe tana kallon inda ya bi.

"Kin ga yadda ya shiga, ko tambayar ƙofa bai yi ba? Ba yau ya fara ba, Auta. Ashe furen namu yana da 'yan'uwa a wani wuri."