Garin da Aka Hana Faɗuwa

Wani mafarki na yi daren jiya, kuma tunda nake ban taɓa yin mai rainin wayo irinsa ba.

Laifin agogon nan ne. 'Yata Zulai, mai aikin jinya a birni, ita ta ɗaura mini shi a hannun da nake ɗaura kambu zamanin da nake kokawa. Ta ce in na faɗi zai yi kuka ya kai ƙarata wayarta, kuma ranar da ya yi kukan, ranar za ta kwashe ni daga gidana ta kai ni benenta. Ni Mantau, da gwiwata ba ta taɓa shafar ƙasa a fili ba, wai yau ni ake ɗaura wa ɗan rahoto.

To, a mafarkin sai ga ni cikin wani gari da rana tsaka. Ruwan sama yana tashi daga kwatoci yana komawa cikin hadari. Mangwaro ya nuna har ya ruɓe a kan reshe, kowane ɗaya da ɗan agogonsa a wuya. Wata mai fura ta zo wucewa, ƙwaryarta na biye da ita a baya kamar kare.

Na ce, "Baiwar Allah, me ya samu garin nan?"

Ta ce, "Baba, an hana faɗuwa. Ko rana ma ta nemi izini an ƙi, ka gan ta nan tsaye tun bara."

Sai ga ni a ofis. Wani bunsuru mai tabarau yana zaune bayan tebur, yana cin labulen taga a natse. Bai tambayi sunana ba. Ya ɗaga leɓena da kofato ya duba haƙorana.

Ya ce, "Tsoho ne. A shanya shi."

Awaki suka kai ni wani babban tsakar gida. Igiyoyin shanya ne daga bango zuwa bango, tsofaffi reras a kai, an maƙale kowa ta wuyan riga, ƙafafunsu na lilo a iska. Gaskiya ana kula da su. Ana miƙa musu kunu da dogon ludayi, ana juya su in rana ta yi wa gefe ɗaya yawa. Can ƙarshen igiya na hango Cindo, abokin karawata, mutumin da muka sha raba rana a fili babu wanda ya kai wani ƙasa.

"Cindo, kai ne aka shanya kamar zanen goyo?"

Ya ce, "Ni ne. Ai ba laifi, ba wanda ya karye a cikinmu."

"Yaushe rabonka da taka ƙasa?"

Hawayensa suka fito, suka bi ta goshinsa suka yi sama.

Nan agogon ya yi magana, kuma da muryar Zulai ya yi ta. "Baba, don Allah ka bari su rataye ka. Tsoro nake ji." Wannan kam ta soke ni, don na san yarinyar nan ba ta iya barci saboda ni. Amma ƙauna daban, igiya daban.

Na ce da bunsurun, "Sai dai ka shanya kakanka."

Ya tofar da guntun labule. "Duk wanda ya ƙi igiya, sai ya kara da Ƙasa."

"A kira ta."

Ganga ta fara kaɗa kanta. Ƙasa ta miƙe tsaye, ashe wata dattijuwa ce mai faso a dugadugi, tana ƙamshin ruwan farko. Ta ɗaure zaninta tamau.

Ta ce, "Mantau, tun kana saurayi kake guduna."

Muka sarƙe. Ban taɓa riƙe abu mai nauyinta ba. Na ɗauko ta ta dama, ta dawo ta hagu. Tsofaffin kan igiya suka hau yi mini kirari, Cindo har da tafi da tafin ƙafa. Ta kawo bakinta kunnena.

"Ka san dai kowa wurina zai zo."

Na ce, "Na sani. Amma da ƙafata zan zo, ba daga kan igiya za a sauko miki da ni ba."

Ta yi dariya, ta taɗiye ni. Na tafi ƙasa tim, irin kayen da na sha yi wa 'ya'yan mutane. Wallahi ban ji kunya ba, daɗi ma na ji. Ina taɓa ƙasa, garin gaba ɗaya ya saki. Mangwaro ya zubo, ruwa ya juyo, igiyoyi suka tsinke, tsofaffi suka diro suna ƙyalƙyala dariya. Cindo ya tura yatsunsa cikin laka yana kiran sunan uwarsa. Bunsurun ya bi ta taga da gudu, tebur a ƙahonsa.

Bugun ƙofa ne ya tashe ni. Gari ya waye, kuncina a kan daɓe gefen gado, ƙuguna yana zogi, agogon yana ta tsuwwa. Maƙwabcina Hashimu yana kwarara kira daga waje.

"Mantau! Zulai ta bugo waya tana kuka, ta ce a ɓalle ƙofa!"

Na ce, "Kada wanda ya taɓa mini ƙofa. Ka ce mata ta share hawayenta, ni zan buɗe."

Na kama ƙafar gado, na dafa gwiwa ɗaya, na fara tashi.