Gidan Sayarwa da Gwaggo a Ciki

Ni Ya'u dillalin gidaje ne a Gwarzo, kuma ba yabon kai ba, na taɓa sayar da kangon da ko akuya ba ta yarda ta kwana a ciki. Amma benen Alhaji Mijinyawa saura kaɗan ya sa in bar sana'ar.

Gida ne na gani na faɗa. Marigayin ya gina shi tun zamanin da gyaɗa take gyaɗa: benen ƙasa, soro mai zane, ƙyaure da ƙusoshin tagulla, tagogin gilashi ja da kore, ga rijiya a tsakar gida. A gefe kuma akwai shago mai ƙofarsa daban yana kallon titi. Magada duk suna Kano, kuma tun da aka shiga tsuke bakin aljihu albashi ya daina kai su ƙarshen wata, suka ce a sayar a raba. Sai dai akwai Gwaggo Uwaliya, ƙanwar marigayin, tsohuwar ungozoma. Ba miji, ba ɗa, ba ta da gado a gidan, ɗakinta na gindin bene shi ne duniyarta. Magada suka ce da an sayar za a kai ta Gammo wurin wasu dangi, ita kuwa ko sunan garin ba ta son ji.

Ba ta taɓa cewa kar a sayar ba fa. Gaisuwa kawai take yi.

Na fara kawo Alhaji Zailani, mai sayar da taki a Kabo. Ya hau bene ya sauko yana ta "Masha Allah," sai muka durƙusa gaban Gwaggo. Aka yi ina wuni, ina gajiya, ya iyali, ya damina. Can ta ce, "Ɗan wane gida ne a Kabo?" Ya faɗa. Ta tafa hannu. "Ikilima mai ƙuli ce ta haife ka? Ikon Allah! Ai nono ɗaya muka sha da ita!" Nan da nan aka dama fura, ya koma "ɗana." Sai da ya sha ya ƙoshi ta sunkuyar da kai ta ce, "To ɗana, sai ka faɗa min ranar da zan kwashe 'yan kwanukana."

A zaure mutumin nan ya cakume min riga. "Ya'u, so kake a ce na kori uwata?" Ya koma ya ba ta na goro, ya shige motarsa.

Haka ta yi wa wani daga garin Kara, haka ta yi wa wani malamin asibiti. Kaf ƙasar nan babu wanda Gwaggo ba za ta zaƙulo masa kaka ba. Ni kuwa takalmina ya ƙare a banza, har na fara jin haushin fura.

Shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a, wasu Kiristocin garin suna ta ɗaure kaya don fargabar abin da zai biyo baya, sai ga wani ya sauka daga Kano yana nemana. Ya ce sunansa Leonard Bot, mai ɗaukar hoto, mutumin Filato. Shagon yake so ya yi ɗakin hoto, benen kuma ya zuba iyalinsa. Wallahi har rawa na taka a zuci. Na ce yau zan ga ta inda Gwaggo za ta haɗa nono da mutanen Jos!

Muka durƙusa, aka yi gaisuwa.

"Ɗan wane gida ne?" in ji Gwaggo.

"Daga Filato nake, Gwaggo."

Na gyara hula ina murmushi. Ta rasa ta inda za ta kama. Ta ajiye carbinta ta juya tana kallon kwanukanta, sai murmushin nawa ya tsaya. Ta ce, kuma wannan karon ba wasa a muryarta, "To, sai ka faɗa min ranar da zan kwashe kwanukana."

Leonard ya matso. "Mahaifiyata, Mama Tabitha, ta ce kwanon da kika riƙa kai mata kunun kanwa a ciki har ta yi arba'in, in yana nan, kar ya matsa daga inda yake."

"Tabita? Tabita da ta zauna a shagon nan, matar Malam Bot na firamare?"

Tsohuwar da kullum take kukan gwiwa ta miƙe zumbur, ta ja hannunsa har bayan shagon, ta nuna gindin wani zogale. "Nan na binne mabiyarka. Ni na yanke maka cibi, ana ruwa kamar da bakin ƙwarya. Kai ne ka zama ƙato haka?"

Na dafe kai na ce shi ke nan, ta sake cinye ni. Sai ya ce a kira magada, ya saya. Ashe labarin sayar da gidan ne ya iske uwarsa har Jos, ta taso shi.

Na ja shi gefe na ce, "Kai, mutanenku suna komawa gida, kai kana sayen bene?"

Ya dubi zogalen ya ce, "To ai ni ma gidan na dawo."

Gwaggo ta yi kuka, ta share da gefen mayafi, sannan ta juyo kaina. "Ya'u, ba dai za ka karɓi la'ada a hannun ɗana ba ko?"

Raina ya ɓaci. Duk wahalar nan? Na buɗe baki zan sauke mata abin da na daɗe ina tarawa, sai ta karkata kai ta ce, "Kai ma wa ya yanke maka cibi?"

Na rufe bakina, na karɓi furar da ta miƙo min.