Shunin Japan a Bayan Gilashi

Saura kaɗan ban rubuta wannan ba. Karatuna a firamare ya tsaya, kuma ni mutum ce da ko ruwa nake so sai na yi ta juya maganar a baki.

Abbanmu marini ne a Kano. Wani baƙo ɗan Japan ya taɓa zuwa karofinsu, ya ce su ma suna rini da shuni tun kakanni. Maganar ta zauna wa Abba a rai. Yanzu idonsa yana tafiya, likita ya ce ba zai dawo ba.

Ni kuma ina Dubai, ina ɗaure wa wata 'yar kasuwa, Hajiya Turai, kaya a kasuwar Murshid Bazaar. Rannan ya kira ni.

"Mahfuza, an ce garin nan naku ba abin da babu. Nemo mini rinin mutanen nan in gani, tun ina iya gani."

Na tsallaka zuwa unguwar Bur Dubai a kwalekwale, na bi shagunan yadi, duk na inji ne. Salamatou, 'yar Nijar da muke ɗaki ɗaya, ta yi mini dariya.

"Ke baƙauya, irin wannan ba a kasuwa yake ba. Sai gidan adana kayan tarihi. Yalla, ɗauko mayafinki."

Ta binciko a waya, wani gida yana nuna kayan Japan, kuma gobe za a kwashe. Muka je. Ga takubba, ga kwanonin shayi, can a lungu ga wata tsohuwar riga shuɗiya, duk faci, a cikin gilashi. Na kira Abba ta bidiyo.

"Matso da wayar," ya ce. Na matso. "Ƙara."

Sai da wayar ta taɓa gilashin.

"Duhu kawai nake gani, uwata. Bar shi. Shinshina mini. Murza bakin rigar a tafinki, ki gaya mini ko yana zuba. An buge shi ya yi sheƙi, ko haka suka bar shi?"

Haka marina suke gane rini, da hanci da hannu. Na ɗora tafina a kan gilashin. Mai gadi ya taso yana kaɗa yatsa. Ga wata mata 'yar Japan da ke kula da kayan tana kallona, har da murmushi. Salamatou ta zungure ni.

"Yi mata magana mana!"

Ni ba Turanci ba, ga kunya. Abba yana ta kiran sunana a waya, na kashe, na fita da gudu ina kuka a titi.

Washegari ban je ɗaurin kaya ba. Na sa Salamatou ta koya mini yadda zan ce da Turanci mahaifina marini ne, ba ya gani, a bar ni in shinshina. Tun ba a buɗe ba ina bakin ƙofar gidan, ina ta maimaitawa. Da matar nan 'yar Japan ta iso, na tare ta da maganar.